Tambaya: Ta yaya zan kwatanta maza da mata wajen shan barasa fiye da kima a jami'ar Amurka?

Ɗalibar Ƙididdiga: Assalamu alaikum. An ba mu aiki da bayanan ɗaliban wata jami'a a Amurka: jinsinsu, da kofuna mafi yawa da kowa ya sha a zama ɗaya cikin makonni biyu. Matsakaicin maza da na mata zan kwatanta, ko akwai hanyar da ta fi?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Malama, fara tsayar da ma'auni tukuna. Cibiyar NIAAA ta Amurka, mai binciken matsalolin shan barasa, ta sa kofi 5 ga namiji, 4 ga mace, cikin kimanin awa biyu a matsayin shan da ya wuce kima. Kofi ɗaya a wurinsu gram 14 ne na tsantsar barasa, kamar giya mililita 355. An rage wa mata ne saboda ruwan jikinsu bai kai na maza ba, barasa ta fi saurin taruwa a jininsu. Idan kika sa 5 ga kowa, mata da dama za su kuɓuce miki, tazarar da ke tsakanin maza da mata ta kumbura. Da wannan ma'auni na 5 da 4 binciken Henry Wechsler na Harvard a 1993 ya samu kashi 50 na ɗalibai maza da kashi 39 na ɗalibai mata sun kai shi.

Hajiya Larai: Matsakaici zai ruɗe ki, domin mutum biyu masu kofi 20 sun isa su ja shi sama. Ki buɗe sabon layi a Excel: 1 ga wanda ya kai ma'auni, 0 ga wanda bai kai ba. A ce maza 90 cikin 200 sun kai, kashi 45 ke nan, mata kuma 90 cikin 250, kashi 36. Idan aka haɗa su 180 ne cikin 450, wato 0.40. Kuskuren ƙiyasi (standard error) na bambancin zai zo 0.046, z (bambancin 0.09 raba da wannan kuskure) ya zama 1.94, p (yiwuwar samun tazara irin wannan da tsautsayi kawai idan babu bambanci na gaske) kuma wajen 0.053. Kada ki rubuta "babu bambanci" don p ya ɗan haura 0.05, iyakar da aka saba amfani da ita. Ki nuna tazarar amincewa (confidence interval), wato iyakokin da ake zaton bambancin gaskiya yana tsakaninsu, daga kusan sifili zuwa maki 18. Idan adadin da ake sa ran samu a wani gida na teburin jinsi da kai ma'auni bai kai 5 ba, ki koma gwajin Fisher, wanda ya dace da ƙananan adadi.

Malam Sani: Ƙari ɗaya, 'yar'uwa. Ki duba guraben da aka bari babu amsa. Sau da yawa ana cike su da sifili, sai wanda ya ƙi amsawa ya zama kamar bai sha ba. Ki kuma faɗa ko waɗanda ba sa sha sam suna cikin lissafin, domin cire su yana canza kason duka ɓangarorin biyu.