Sunan wani na fitowa a wayar wani, ina matsalar take?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina haɗa wa wani mai kargo ƙaramin shafi da Java a kan Tomcat (manhajar saba da ke gudanar da shafin), alhazai su sa suna da kilon kayansu da garin da za a kai, Kano ko Zindar. Bariyebul ɗin sunan (ma'ajin da ke riƙe sunan a cikin shirin) na aje shi a saman kilas, ba a cikin doPost ba, wato sashen da ke karɓar fom in an aiko. To in wani ya shiga daga wata wayar sai ya tarar da sunan wanda ya riga shi, alhali mu dai an koya mana HTTP (ƙa'idar da waya da saba ke magana da ita) ba ya riƙe komai, to a ina sunan ke maƙalewa?

Injiniya a Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanina. HTTP ba ya tunawa kam, saba ce ke tunawa. Tomcat ba ya ƙera sabon sabulet (abin da yake ginawa daga kilas ɗin naka don amsa buƙatu) duk sanda aka shigo, guda ɗaya tak yake yi, ya kira init (sashen da ke tayar da shi) sau ɗaya, shikenan yana nan zaune a memori har a kashe saba ko a sake ɗora shirin. Kowace buƙata zaren aiki kawai ake ba ta, wato kamar ma'aikaci ɗaya mai kula da ita, 200 ne iyaka in ba ka taɓa saitin ba, kuma duk kan abu ɗayan nan suke bi. Kamar allo ɗaya ne a tsangaya kowa na rubutu, wanda ya zo ƙarshe nasa ake gani. Wlh gara da ka gani yanzu, lokacin Hajji in mutum biyu suka danna tare sai kilon wannan ya hau rasit ɗin wancan.

'Yar Madina:
Malam mayar da shi cikin doPost kawai, na cikin nan kowane zare da nasa, aiki na ƙarewa ya ɓace. In kana so sunan ya bi mutum shafi zuwa shafi sa shi a HttpSession, ma'ajin da saba ke ware wa kowane mai shiga, kukin JSESSIONID (alamar da ake aje wa a wayar mutum) ne ke bambance su, Tomcat na share shi bayan minti 30 in an bar shi ba motsi. Kilo da kuɗi kuma databes.

Bakanike:
Shi yasa nake son yaren PHP, kowace buƙata daga sifili take farawa hhh. Ko ya sa synchronized mana, mai sa a shiga ɗaya bayan ɗaya?

Injiniya a Riyad:
A'a yallaɓai, layi kawai za su yi, shafi ya yi nauyi kuma tsohon sunan na nan daram. Da akwai SingleThreadModel ma, mai hana zare biyu shiga sabulet ɗaya lokaci guda, tun Servlet 2.4 aka ce a daina, a 6.0 aka cire shi. Ko Spring ya koma (wani tsarin gina shafuka da Java) haka zai tarar, kontrola mai amsa buƙatu ɗaya ce ga kowa.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka. To lambar rasit fa, in bar ta a sama tana ƙaruwa?

'Yar Madina:
Ko AtomicInteger ka sa, mai ƙirga ba tare da zare sun yi karo ba, ranar da saba ta sake tashi lambar za ta koma farko. Bar databes ta riƙa ba ka.