Mece ce Hausar "tax relief"? Ga abin da na tsayar

'Yan uwa masu fassara da masu rubutu, ina so mu tsayar da kalma ɗaya kan wannan abu, domin na ga an kira shi da sunaye har huɗu: afuwar haraji, sassaucin haraji, rangwamen haraji, da ragin haraji. Ma'aikacin da ke karanta mu, musamman wanda ke aiki a Birtaniya inda wannan furuci ya fi yawo a takardun hukumar haraji ta HMRC, kowane suna zai ɗora shi a kan wata fahimta daban, kuma wasu daga cikinsu za su sa ya yi asarar kuɗinsa.

Kafin mu zaɓi suna, mu ga yadda abin yake aiki. Ma'aikaci ya kashe kuɗin aljihunsa a kan abin da aikinsa ba zai yiwu ba sai da shi, mai gidansa kuma bai biya shi ba. Sai hukuma ta ce: wannan kuɗin da ka kashe, za mu cire shi daga cikin albashin da muke lissafa wa haraji. A ce kafinta mai albashi ya sauya kayan aikinsa da suka lalace da fam 200, kuma yana cikin masu biyan kashi 20 cikin 100. Abin da zai dawo masa fam 40 ne. Fam 200 ɗin ba za ta dawo ba, harajin da da zai biya a kanta shi ne aka ɗauke masa. Duk kalmar da ta sa mutum ya zaci gwamnati za ta saya masa guduma da zarto, ta yaudare shi. Shi ya sa ban ma sa "mayar da kuɗi" a cikin 'yan takara ba.

Afuwa ta faɗi tun a zagayen farko. Mai laifi ake yi wa afuwa, kuma akwai wani abu daban da ya cancanci sunan, wato lokacin da gwamnati ta yafe tara ga waɗanda suka ɓoye haraji in sun fito sun biya. Mu bar wa wancan sunansa.

Sassauci ya fi ta kusa, kuma na san shi ya fi daɗin faɗa a labarai. Amma sassauci daga tausayi yake fitowa. Alƙali ne ke sassauta hukunci, mai bin bashi ne ke sassauta wa wanda ya gaza. Mutumin da ya ji "sassaucin haraji" zai ɗauka sai wanda ke cikin matsi ake yi wa, ko kuma sai ya je ya yi magiya. Mai rufin asiri sai ya ji nauyin nema, alhali doka ce ta ba shi, ko yana da wadata ko ba shi da ita. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk muhawarar, domin kalmar da ta mai da haƙƙi alfarma tana hana mutane karɓar abin da yake nasu.

Rangwame na daɗe ina juya shi. Yana da ma'anar rage kuɗi, kowa ya san shi. Matsalarsa ita ce mai kaya ne ke yin rangwame in ya ga dama, ya hana in ya ga dama, kuma a kan jimlar da za ka biya ake yin sa. To akwai irin wannan a harkar haraji: wanda ake cirewa kai tsaye daga harajin da aka riga aka lissafa maka, fam ɗaya a madadin fam ɗaya. Turawa suna ce masa "tax credit". Ina ba da shawarar mu ajiye masa "rangwamen haraji", ya dace da shi sosai.

Saura ragi. Ragi ba ya ɗauke da tausayi, ba ya ɗauke da laifi, lissafi ne kawai. Don haka na tsaya a kan "ragin haraji" a matsayin babban suna. Wanda ya shafi kayan aiki da tafiye-tafiye kuwa, a ce "ragin ɗawainiyar aiki". Ɗawainiya ita ce kuɗi da wahalar da ka ɗauka domin wani abu ya tafi daidai, kuma duk ɗan kasuwa ya san sai an fitar da uwar kuɗi da ɗawainiya kafin a ce ga riba. Hikimar dokar ke nan: abin da aiki ya ci daga aljihunka ba samu ba ne, bai kamata a yanka masa haraji ba.

Wani abokin aiki ya ce mini sunan ya yi tsawo. Gaskiya ne, amma a karon farko kawai za a faɗe shi cikakke, daga nan "ragin" ya wadatar.

A ɓangaren tafiya Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin, domin mun bambanta "zuwa aiki" da "tafiyar aiki". Zuwa aiki, wato daga gida zuwa wurin da ka saba aiki kullum, babu ragi a kansa a Birtaniya, komai nisa. Tafiyar aiki ita ce wadda aikin ya tura ka: zuwa wurin abokin ciniki, ko wani wurin wucin gadi. Birtaniya na da ƙa'idar wata 24: in ana sa ran za ka shafe fiye da haka kana yin kashi 40 cikin 100 ko fiye na aikinka a wuri guda, ya tashi daga wucin gadi. Ga mai amfani da motarsa a tafiyar aiki, a 2011 aka sa ma'aunin ɗawainiyarsa a kan peni 45 (peni 100 ne fam ɗaya) a kowane mil na mil 10,000 na farko a shekara, sai peni 25 bayan haka. A kan wannan ma'auni, wanda ya yi mil 1,000 kuma mai gidansa ya biya shi peni 30 a mil, giɓinsa fam 150 ne, raginsa kuma fam 30 in yana kan kashi 20. Don Allah kada mu rubuta "kuɗin mota" a nan, mai karatu zai sa har na safiyar kowace rana.

Sai aikatau, wato kalmar aikin da za ta raka sunan. Ba "roƙo" ba, ba "ƙorafi" ba. A ce "ya nemi ragin", ko "ya shigar da takardar neman ragi". A Birtaniya takardar ita ce P87 in ɗawainiyar ba ta wuce fam 2,500 a shekara ba, kuma ana iya waiwayar shekarun haraji 4 da suka wuce, muddin akwai shaidar abin da aka kashe.

Abu ɗaya da sunan ba zai iya ɗauka ba shi ne bambancin ƙasashe. A Amurka, tun daga 2018 yawancin masu albashi ba sa iya cire irin wannan ɗawainiya daga harajin tarayya. Saboda haka duk wanda zai rubuta "ragin ɗawainiyar aiki", ya ambaci ƙasar da yake magana a kanta a jimlar farko. Wanda ke da kalmar da ta fi "ɗawainiya" gajarta kuma ta riƙe ma'anar, ya kawo ta tare da jimlar da ya gwada ta a ciki.