Wai irin leda ba ya haihuwa? Muhawarar masu lambu a Kaduna

Shugaban zaure (Malali): Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya wata murya ke yawo a wayoyi, mai maganar yana rantsuwa cewa duk irin kayan miya da ake sayarwa a leda ko gwangwani an kashe masa haihuwa da gangan, wai idan ka ajiye 'ya'yansa ba za su tsiro ba, don dole ka koma kanti kowace shekara. Tunda muna shirin musayar iri kafin shukar rani, gara mu baje ta a faifai. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Baban Kabala: Wa alaikumus salam. Maganar nan gaskiya ce. Na tashi a bakin kogin nan ina jan jigo tare da mahaifina, ba mu taɓa sayen irin tumatir ba. Ɗan Zariya da Tandino muke matsewa mu shanya. Da yarana suka kawo na leda ya yi kyau, wannan ban musa ba. Na ɗebi iri a jikinsa na shuka da rani ya zagayo, sai ga fangali ɗaya da tumatir kala-kala, wani dogo, wani zagayayye, wani ƙanana, wani kuwa ganye kawai ya tara. Idan ba an yi masa wani abu ba, me ya kawo haka?

Malamin gona (Mando): Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ai bayaninku ne ya rushe maganar mai murya. Kun ce ya tsiro, har ya yi 'ya'ya. Ke nan bai mutu ba. Ku duba jikin ledar, za ku ga an rubuta F1. Wannan shi ne iri mai aure. Kamfani yana riƙe da iyaye biyu daban, ɗaya ƙila mai taurin fata, ɗaya mai jure cuta, sai a ɗebi garin furen wannan da hannu a sa wa wancan. 'Ya'yan farko duk suna fitowa kai ɗaya, da ƙarfi. Idan aka sake shuka 'ya'yansu sai halayen su rarrabu, kamar yadda jika yake ɗauko kakansa na wajen uwa, ƙaninsa kuma ya ɗauko na wajen uba. Haka halittar take, ba a sa masa komai ba.

Baban Kabala: To ɗana, sakamakon ai ɗaya ne. Ya mutu ko bai mutu ba, dole in koma in saya.

Malamin gona: A kan F1, haka ne Baba, kuma kamfani ya san da haka, ribarsa ke nan. Inda na ƙi shi ne a ce duk na kanti. Irin tumatir Roma da UC82B a gwangwani suke zuwa, asalinsu ma daga Amurka, amma ba masu aure ba ne. Ka ajiye irinsu shekara da shekaru, abin da ka shuka shi za ka tsinka. Manoman Hunƙuyi da bakin Galma sun daɗe suna haka.

Maman Hanifa (Rigasa): Malam, ni a buhu nake shuka a tsakar gida. Abin da ya tsorata ni shi ne launin. Na farke leda na ga irin kuɓewa ya yi ruwan hoda, har ya ɓata min yatsu. Maƙwabciyata ta ce shi ne maganin hana haihuwar.

Malamin gona: A'a Maman Hanifa, maganin ruɓa ne da na ƙwari aka shafa masa don kada ya lalace a ƙasa kafin ya tsiro. Ana rina shi ne don a gane ba na ci ba ne. Ki wanke hannu bayan shuka, ki ɓoye ragowar inda yara da kaji ba za su kai ba.

Ɗan Bakin Dogo: Ku bari mu da ke kasuwa mu sa baki. Ina ganin girman Baba, amma a faɗi gaskiya. Tumatir ɗin gida ruwa gare shi, fatarsa ba ta da kauri. Ka loda shi a kwando, ka ɗora kwando kan kwando, mota ta kwana biyu a hanyar Legas, kafin ta isa kasuwar Mile 12 rabi ya zama ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashi. Mai saye yana zuwa ya danna da babban yatsa, idan ya lotsa ya wuce. Ba wanda ya tilasta wa manomi barin irin gida, kasuwa ce ta ƙi shi. Kuma da damina, lokacin da kwando ke tashin gwauron zabi, wane irin gida ne ke tsayawa? Masu aure ne ke fitar da mutane kunya.

Hajiya (Tudun Wada): Kai ɗan nan, kana maganar Legas, ni ina maganar tukunyata. Duk kun tattara a kan tumatir, alhali shi ne mai gata, kamfanoni na rububinsa. Wa ke kula da gautan ɗaci? Wa ke sayar da irin gasaya ko karkashi a leda? Farar yakuwa fa, wadda muke miyar taushe da ganyenta, gurguzunta kuma a yi daddawar batso? Ina da wata kuɓewa da na gada wajen uwar mijina, Allah ya jiƙanta. Gajera ce mai kauri, jikinta da ƙaiƙayi, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma guda biyar sun ishi tukunya yauƙi, kuma idan aka yanka aka shanya ta, garinta yana kai wa wata damina bai sake ƙamshi ba. Na zagaya Kasuwar Barci da ta Kawo ina neman irinta, babu. Ranar da kwalbar da ke ɗakina ta ƙare, ta ƙare ke nan. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba muryar wani a waya ba.

Maman Hanifa: Hajiya don Allah a sa ni a layi, ko ƙwaya goma ce.

Matashi (Unguwar Dosa): Ni dai ban yarda an gama da maganar ba. Malam bai taɓo GMO ba, wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Kuma a 2021 an sa hannu a dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri. Gobe sai a ce Hajiya ta taka doka don ta ba Maman Hanifa kuɓewa.

Malamin gona: Ƙanina, abu uku ka haɗa a ƙwarya ɗaya. Iri mai aure daban, GMO daban. Wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta kuma aka saki ga manoma a ƙasar nan su ne auduga a 2018, da waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, sai masarar TELA a 2024. Babu tumatir, babu kuɓewa, babu tattasai a ciki. Kana da damar ƙin su, mutane da yawa sun ƙi, amma kada a jingina su ga ledar da Maman Hanifa ta saya. Ita kuma dokar, sabon irin da wani ya ƙirƙira ya yi wa rajista take karewa. Kuɓewar da aka gada kaka da kakanni ba sabuwa ba ce, ba ta cikin lissafinta.

Matashi: Na ji. Amma duk wanda ke riƙe da iri shi ke riƙe da abincinka. A nan ban matsa ba.

Malamin gona: A nan kam muna tare.

Mama (Sabon Tasha): Sannunku da muhawara. Ni 'yar Kachia ce, kuma ina so Baba da Hajiya su ji wannan, domin na ga ana nema a ce na gida ba ya cuta. A 2023 annoba ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Ganye ya yi rawaya, ka tona ka tarar da saiwa ta ruɓe tana wari. Cittar nan ba ta kamfani ba ce, tamu ce, Tafin Giwa da Yatsun Biri, wadda kowa ke ajiye irinsa a gida. Da yake kusan kowa abu ɗaya ya shuka, kuma daga saiwa ake dasawa, cutar ba ta sami abin da zai tare ta ba. Da shekara ta zagayo, irin shukawa ma ya gagari mutane. Ni abin da na ɗauka shi ne, yawan kala ne ke ceto. Idan za mu yi musaya, kada kowa ya ruga kan iri ɗaya don an yabe shi.

Ɗan Bakin Dogo: Mama ta tuna min da sharon, tsutsar da ke cinye tumatir. A 2016 har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar nan ba ta tambayi na leda ko na gida ba, duka ta cinye.

Baban Kabala: Wannan haka ne, na ga sharon da idona, gona ta koma kamar an babbaka ta. Amma ku amsa min ɗaya. Idan irin gida na da kyau, me ya sa ake cewa ya gaji? Tandinon da nake gani yanzu bai kai na lokacin mahaifina girma ba.

Hajiya: Alhaji, wannan ni zan amsa maka, don laifinmu ne. Iyayenmu tun tsinkar farko suke zaɓen uwar da ta fi lafiya, su ɗaura mata tsumma, ba mai taɓa ta sai 'ya'yanta sun nuna lugub. Yanzu manya-manyan duk kasuwa ake kai su, sai gona ta zo ƙarewa a tattara 'yan ragowar da cuta ta ci a matse a ce iri ne. Shekara goma kana zaɓen mafi rauni, me kake jira ya fito?

Malamin gona: Hajiya ta gama magana. In ƙara da hanyar ajiya. Tumatir a matse shi da ruwansa a kwano, a bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami har farar kumfa ta taso. Wannan ke cire silɓin da ke jikin ƙwayar, yana kuma rage wasu cututtukan da ke bin iri. A zuba ruwa, wanda ya taso sama a zubar, wanda ya kwanta a wanke a shanya a inuwa, ba kan kwano a tsakar rana ba. Ya bushe sarai sannan a sa a kwalba da ɗan toka a toshe. A haka tumatir na kai shekara huɗu. Albasa kuwa kada a yaudari juna, irinta da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa.

Maman Hanifa: To idan na karɓi kuɓewar Hajiya, ga ta leda a buhun da ke kusa, ba za su gauraya ba?

Malamin gona: Za su iya. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, amma kuɓewa da tattasai ƙudan zuma na kai musu garin fure daga maƙwabta. Shi ya sa wani ke ajiye irin tattasai kusa da shambo, baɗi ya fito da yaji. Furen kuɓewa yini ɗaya yake yi. Da yamma ki duba wanda zai buɗe gobe, ki rufe shi da 'yar jakar yadi marar kauri, bayan kwana biyu ki cire ki ɗaura jan zare a gindinsa. Wannan ɗan ki bar shi ya bushe a jikin uwar har ya fara tsagewa. Kabewa ce mai wahala, don furen namiji daban na mace daban, sai an haɗa da hannu.

Ɗan Bakin Dogo: Duk na ji, amma manomin da ya ci bashin taki ba zai shuka abin da ba zan iya saya ba. Ku ajiye na gida a bayan ɗaki, gonar kasuwa a bar ta da mai aure.

Baban Kabala: Kai ka san Legas kawai. Masu kauɗa da matan unguwa har gona suke bi na. Zan kawo Tandino da Ɗan Zariya, amma ba zan ba wanda zai watsa shi a ƙarshen fangali ya manta ba.

Shugaban zaure: To Asabar bayan la'asar. Kowane ƙulli a rubuta sunan iri, da unguwar da aka noma shi, da shekarar da aka ɗebe shi. Wanda aka ɗebo daga F1 kada a kawo. Wanda gonarsa ta yi cuta bana ya zo ya karɓa, amma kada ya bayar.

Hajiya: Ku ƙara da nawa sharaɗin. Duk wadda ta karɓi ƙwaya goma, da kaka za ta dawo min da cikin murfin kwalba, kuma zan zo in ga jan zaren da idona.