Kukan Mai Lumia a Maraɗi

Ɗan Mokoyo
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ya" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na fara,
Kuka nike yi kan waya.
Tun Nokia tana sarauta
Ban taɓa sauya hanya.
Ta rungumi Windows na bi ta,
A shekara ta 2011.
Da wayarta Lumia 520 ta iso,
Jikkuna na ƙirga na saya.
Allonta tsaf, tayil-tayil,
Ba ta tsaiko, ba ta gajiya.
Abokai na ta tsiya a majalisa,
Ni ko ina kare ta da zuciya.
Ga ƙarshen 2019 ya zo,
WhatsApp ya rufe wa wayar Windows, ya bar mu baya.
Wa zai gaya mini laifinmu,
Mu da munka riƙe amana ɗaya?

Hajiya ta Bagalam
Ƙanena, share hawayenka,
Ni zan gaya maka gaskiya.
Atamfa nike saro a Kano,
Wani sa'in in sauka Jibiya.
Hoton zane ake turo min,
In zaɓa, a ɗauro min kaya.
Da saƙon murya muke ciniki,
Ban iya boko ba, ban jin kunya.
Wayar da ba ta ɗaukar murya,
Ko kyauta ce, a kai ta ajiya.

Malam na Zariya
Hajiya ta faɗi ta kasuwa. Alhaji, ga ta tarihi, don laifin da kake nema ba naku ba ne.

A 2012 sabon tsari ya fito,
Windows Phone 8, ana ta shiryawa da murna da biki…

A'a, wannan ya karye, bari in sake ɗauko shi:

Windows Phone 8 ta fito a 2012,
Masu Lumia 800 anka bar su tsaye a hanya.
Microsoft ta saye sashen wayar Nokia,
A 2014 cinikin ya tsaya.
Sama da Yuro biliyan 5 ta zuba,
Kowa ya ce an tsallake wuya.
Sai Windows 10 ta zo wa wayoyi,
Masu ƙwaƙwalwar 512 MB ba su samu shiga ba gaba ɗaya.
Manhajar YouTube da Microsoft ta gina,
Google ta toshe ta a 2013, ba kariya.
Snapchat ko bai taɓa leƙowa ba,
Masu gina manhaja sun juya.
Ba manhaja, ba masu saye,
Ba masu saye, wa zai gina ya sha wuya?
A 2017 Joe Belfiore na Microsoft ya ce
Sabon abu ya ƙare, sai gyaran ɓaraka ɗaya-ɗaya.
An ci moriyar ganga, Alhaji,
An ya da kwaurenta a baya.

Auta mai gyara
Kawu, ni a bakin babbar kasuwa nike zaune,
Allon Lumia ko batirinta sai an sha nema.
Tecno da itel kam kayansu ga su tuli,
Kafin ka sha shayi na gama.

Hajiya ta Bagalam
Kai Auta, "ya" anka ce, ka kawo mana "ma". Gyara waƙarka kafin ka gyara wayar mutane.

Auta mai gyara
Tuba nike, Hajiya.

Kawu, sayi mai layi biyu,
Airtel da Moov a waya ɗaya.
In rezo ya gudu a wannan,
Sai ka koma wancan ka yi magana lafiya.
Ga batir mai jure rashin kuran,
A zafin Afrilu shi ne dukiya.
Yara na tura wa juna bidiyo ta Xender,
Kai kana gefe kana tambaya.

Ɗan Mokoyo
Malam, na gode da tarihi,
Ya ƙara min ciwo, ba magani ko ɗaya.
Auta, ɗana, ka yi ta talla,
Amma hoton Lumia 1020 wa ya iya?
Kyamararta tun a 2013
Megafiksel take da 41.
Naku ko talla ta cika allo,
Ma'aji ya cika, a goge, a sake juya.
Ba so nike ba, tilas ce,
Abokan ciniki sun daina samuna a waya.
To lambobin mutane fa, ɗana?
In na sauya, ina za su tsaya?

Auta mai gyara
Wannan ba ta waƙa ba ce, Kawu. Lambobinka suna cikin asusunka na Microsoft, in dai ka bar wayar tana ajiye su can. Sai mu sa Outlook a sabuwar, ka shiga da kalmar sirrinka, su sauko. Hotuna mu kwashe ta kwamfuta ko katin ajiya. Tsoffin hirarrakin WhatsApp ne dai ba su da hanyar da kamfanin ya tanada zuwa Android, ka haƙura da su. Ka zo bayan La'asar, kuma don Allah ka tuno kalmar sirrin tun daga gida.

Hajiya ta Bagalam
Auta, in lambobin sun sauko,
Ka duba tawa da idon basira, kar a yi ɓatan hanya.
Turmi biyu na Sallah na wurinsa,
Tun bara yake cewa laifin waya.