Musayar Waƙa: Wales, 1797, Saukar Faransawa a Fishguard

Baba Mai Tawada:
Ga fage na share, 'ya'yana, ku tsara,
1797 ita ce shekara.
Ran 22 ga Fabrairu jirage huɗu na Faransa
Suka zube maza 1,400 a Carreg Wastad, dab da garin Fishguard, kan ƙasa.
Bristol ta Ingila aka aike su, su cinna mata wuta,
Iska ta ƙi, shugabansu Kanar Tate ya juya Wales ya nufe ta.
Wa zai faɗa min abin da ya karya su,
Har cikin kwana biyu aka tattara su?

Hajiya Uwar Baiti:
Baba, Allah ya ja kwana:
600 kaɗai suka san horo da bin doka,
Sauran 800 har 'yan kurkuku aka ɗauka.
Ganga 47 ta albarushi suka hau da ita dutse,
Kwalekwale guda ya kife da igwa, ya nutse.
Makamai suka jibgo don raba wa talakawa,
Wai Wales za ta tashi ta bi Faransawa.
Wanda ka kwashe wa kaji da rana,
Ba zai ɗau bindigarka ba, ko an kwana.

Auta Ɗan Amshi:
Yaya, ƙara da yunwa: guzuri bai kai ba,
Aka sake su gonaki, ba su dawo a hayyacinsu ba.
Jirgin Fotugal ya fashe a gaɓar kwanan baya,
Gida-gida da giyarsa, suka sha ba tsaya-tsaya.
Gidan gonar Trehowel, inda Tate ya yi sansani,
Abincin biki aka tara, ba su rage wa wani.
Ran 23 jiragen suka koma teku,
Ba hanyar gida, tarko ya ruf da su!

Hajiya Uwar Baiti:
Auta, ka tsallake Jemima Nicholas mai ɗinkin takalma,
An ce da sandar kwasar ciyawa ta kamo 12, ta kulle su ma.

Baba Mai Tawada:
Madalla, 'yata. Ga ragowar:
Knox, kwamandan 'yan sa-kan Fishguard, ya ja da baya ganin yawan abokan gaba,
Basarake Cawdor ya zo da mazan Birtaniya kusan 600, bai firgita ba.
Daga masaukin Royal Oak ya aika da sako:
Mun fi ku yawa, ba sharaɗi, ku sauko.
Cika baki ne, amma Tate ya gaskata,
Ran 24 a rairayin Goodwick rundunar ta ajiye makamanta.
Labari ya kai Landan, jama'a suka yi wa banki ca,
Kowa na neman zinarensa, ba mai son caca.
Ran 27 Bankin Ingila ya daina biya da zinariya,
Takardar fam 1 da fam 2 ta fito, ta kama hanya.