Neman shawara: tankokina na wasan tebur sun ƙi yin kyau

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Notingham ta Ingila, kuma kusa da masaukinmu akwai wani kulob da ake wasan yaƙe-yaƙen tarihi a kan tebur. Ana shimfiɗa fili mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a jera ƙananan tankoki da sojoji, a auna tafiyarsu da tef, a jefa dayis. Ni yaƙin hamadar Libiya da Masar na 1941 zuwa 1942 ne ya ɗauke min hankali, sai na sayi tankokin Jamus Panzer III biyu da ta Ingila Crusader ɗaya na roba, masu ma'aunin 1/72, wato ta gaske ta ninka su sau 72 a tsawo. Na haɗa ta farko na shafa mata fenti, amma fentin ya yi kauri har ya cike 'yan ƙusoshin jikinta, sarƙar ƙafarta kuma ta ƙi kama gam. Ban da haka, 'yan kulob ɗin sun ce nawa sun yi ƙanƙanta da wasan da suke bugawa, wato Bolt Action. Wane launi ne daidai ga tankokin Jamus na hamada, kuma ta ina zan fara gyara? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar launi tukuna, matsalar ma'auni ta fi gaggawa. Bolt Action da sojoji masu tsayin milimita 28 ake buga shi, motocinsu kuma 1/56 ne. Panzer III ta gaske tana da tsawon mita 5 da rabi, don haka a 1/72 ba ta kai santimita 8 ba, a 1/56 kuwa tana kusan santimita 10. In ka ajiye taka kusa da sojan milimita 28, sai ka ga mutum ya kusa kai tsayin tanka. Tunda da su za ka riƙa wasa, abin da suke bugawa shi za ka saya nan gaba. Ga kamfanin Warlord Games da ke yin wasan ma a garin da kake yake. Waɗannan ukun kuwa kada ka yar, ka koyi hannu da su. In ka samu abokin da ke buga wani wasan mai suna Rapid Fire, wannan da 1/72 ake yinsa, sai su yi maka amfani.

Baban Ummi:
Batun fenti kuwa, ruwa ne bai ishe shi ba. Fentin ruwa irin na Vallejo ba a shafa shi yadda ya fito daga kwalba. Ɗiga biyu a faranti, ƙara ruwa kaɗan, ka gauraya har ya yi tsinkin madarar shanu. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, har ka ji kamar ka ɓata aikin. Ka bar shi ya bushe, ka sake na biyu, in ya kama ka yi na uku. A nan za ka ga launi ya zauna sumul, ƙusoshi da layukan ƙofofi kuma suna nan ba su nutse ba.

Amma kafin wannan duka akwai shimfiɗa. Ka wanke robar da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka kankare layin da injin ya bari a gefen kowane yanki da bayan reza, sannan ka fesa fentin shimfiɗa na gwangwani daga nisan kamar taƙi ɗaya, fesa gajeru kana wucewa. Tunda a Ingila kake, kada ka fesa a waje ranar sanyi ko ranar yayyafi, zai fito da gari-gari. Ka tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi na 'yan mintuna, ka girgiza shi sosai. Mu nan Kano namu ciwon kan daban ne: da hunturu ƙura ke sauka a kan ɗanyen fenti, sai mutum ya kifa roba a kan aikin kafin ya bushe.

Wadda ka riga ka yi wa kauri, jiƙa ta cikin sifirit irin na isopropyl, ka goge da tsohon buroshin haƙori, fentin zai sauka. Ka nisanci tina ta masu fentin mota, narkar da robar take yi.

Malam Tarihi:
Ku yi haƙuri in tsoma baki kan launi, don yaron ya tambaya kuma akwai amsa. Lokacin da rundunar Rommel, kwamandan Jamus, ta sauka a Tarabulus a watan Fabrairun 1941, motocinta na sanye da launin toka mai duhu na Turai, har sojoji suka riƙa shafa musu taɓo don kada a hango su daga nesa. A Maris na 1941 aka ba da umarnin launin ƙasa-ƙasa mai lamba RAL 8000, a Maris na 1942 kuma aka koma mai haske, RAL 8020. Saboda haka sai ka fara yanke shawarar wace shekara kake bugawa. Crusader ɗinka kuwa launin da Ingilishi ke kira Light Stone za ka shafa mata gaba ɗaya. Zanen nan mai layuka miƙaƙƙu masu launi uku da ake kira Caunter na 1940 zuwa 1941 ne, ya fi dacewa da tankar Ingila Matilda.

Haka nan in za ka ƙara saye, ka duba kwanan wata. Cikin tankoki ƙirar Amurka, Grant ta shiga fage a yaƙin Gazala a Mayun 1942, Sherman kuma sai a El Alamein a Oktoban wannan shekarar. Tankar Jamus Tiger ba ta taka Masar ko Libiya ba, a Tunisiya ta bayyana a ƙarshen 1942. Ina ganin matasa na jera ta a Tubruk ta Libiya, abin yana min ciwo.

Baban Ummi:
Malam, Allah Ya ƙara sani, kwanakin nan naka babu gardama. Sai dai kada mu tsorata shi da lambobi. Tankar da ta yi wata uku a rana da guguwar yashi ba ta riƙe launin da ta fito da shi daga masana'anta ba, kuma a kan tebur daga nisan mita guda ake kallonta. Abin da ido ke kamawa daga can shi ne duhu a lunguna da haske a gefuna. Bayan launin yashi ya bushe, ka tsinka fenti ruwan ƙasa mai duhu sosai, ka bar shi ya gangara cikin ramuka da kewayen tayoyi. Sannan ka ɗauki tsohon buroshi, ka taɓa launi mai haske, ka goge shi a takarda har ya zama kamar babu komai, ka share gefunan tankar da shi sama-sama. In kana son alamar gogewa, yagi ɗan soso ka dangwala toka mai duhu a bakin ƙofofi da inda sojoji ke takawa. A Panzer ta 1941 wannan ya yi daidai da tarihi ma, tunda tokar ce a ƙasa. Kaɗan dai, kada ta koma kamar an tsinto ta a bola.

Malam Tarihi:
Na yarda, amma dai kada in ga Tiger a Tubruk.

Maman Walid:
Ba wanda ya amsa masa batun sarƙa. In mai laushi ce da ake lanƙwasawa, gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin ba ya kama ta, don shi narkar da roba mai tauri yake yi ya haɗe ta. Ka ɗinke bakin biyu da zare baƙi, ka juya ɗinkin ya ɓuya a saman tayoyi. Maigidana haka yake yi, kuma zarena yake ɗauka. Sitikun lamba da alama kuma a kan fentin kariya mai sheƙi ake manna su, in ba haka ba gefensu zai yi fari-fari. In an gama sai a rufe komai da mara sheƙi, saboda hannu zai riƙa taɓa su kowane wasa.

Ɗan Abeche:
In ka ƙware, ga wani fage da ba a cika bugawa ba. Kwamandan Faransa Leclerc ya tashi da sojojin Chadi daga Faya-Largeau cikin manyan motoci, suka ratsa hamada suka kewaye sansanin Italiya da ke Kufra a Libiya, sansanin ya miƙa wuya ranar 1 ga Maris 1941. Babu tanka a wannan tafiyar, motoci ne da igwa ɗaya mai milimita 75. Mota biyar ko shida sun ishe ka wasa, kuma daɗin aikin yana wajen lodi: durom na mai, buhuna, tamfol da za ka yi da takardar goge hannu da aka jiƙa da farin gam na kafintoci.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na jiƙa ta farkon a sifirit yanzu haka. Tambaya ɗaya ta rage: kan tankar da ke ɗauke da igwa, in manne shi ko in bar shi yana juyawa?

Injiniya:
Bar shi yana juyawa. Ka sa ɗan maganaɗisu mai milimita 3 a ƙarƙashinsa, wani a jikin tankar, ka tabbatar fuskokinsu na jan juna kafin ka ɗiga gam. Wajen ɗauka zuwa kulob sai ka cire kan ka ajiye shi daban, don bututun igwar ne ke fara karyewa a cikin jaka.