Neman kalma kafin jibi: me za mu kira aikin CRISPR a kan tsirrai?

Mai Shirin Noma: Assalamu alaikum. Jibi zan naɗi shiri kan fasahar CRISPR, wadda ta jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020. Ana nufar wuri guda a ƙwayar gadon shuka, a yanke, a gyara. Na rubuta "sauya ƙwayoyin halitta", amma hankalina bai kwanta ba. A taimaka.

Malamar Kimiyya: Gara da bai kwanta ba, Malam. Wannan suna ya riga ya zama na GMO, inda galibi ake ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a cusa wa shuka. Nan kuwa sau da yawa ba a kawo baƙon komai, nata na asali ake taɓawa, kamar tumatirin da aka fara sayarwa a Japan a 2021. Maganar har gaban alƙalai ta je: kotun Tarayyar Turai ta haɗe wannan aiki da GMO a 2018, Ingila kuma ta yi dokar da ta bambanta su a 2023. Kada mu cakuɗa wa manomi su. Ni dai "gyaran ƙwayar gado".

Tsohon Tafinta: Ya yi tsawo, 'yata. "Fiɗar iri". Yanka ne da ɗinki, kamar na likita. Na daɗe ina faɗa ba a saurara.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, wanda ya ji fiɗa zai zaci tsaga ƙwayar ake yi da aska. Me zai hana "kirisfa" kawai?

Tsohon Tafinta: Subhanallahi! Hausa ta talauce ke nan? Kullum aro, har yaushe?

Ɗalibi: Ai almakashin da ake kwatanta fasahar da shi ma daga Larabci muka samo.

Tsohon Tafinta: Wancan magabata suka ɗauko da ilimi, ba da kasala ba.

Malamar Kimiyya: Baba, a yi haƙuri, bawan Allah yana jira. Kirisfa sunan kayan aiki ne, ba sunan aikin ba. Kada dai a taƙaita zuwa "gyaran gado", a rubuce sai a ɗauka shimfiɗa ce.

Mai Shirin Noma: Na gode. Zan ce "gyaran ƙwayar gadon shuka", in ambaci kirisfa sau ɗaya.

Tsohon Tafinta: To, na wannan makon. Amma "gyara" yabo ne, alhali ba kowane yanka ke yin kyau ba. Ban janye fiɗar iri ba.